Jakar da Ke Gefen Cikina

Na daɗe ina ɗage rubuta wannan labari, domin abin da ke cikinsa ba irin wanda magidanci mai furfura yake faɗa a gaban mutane ba ne. Ko yanzu da nake rubutawa kunya nake ji. Abin da ya sa na daure shi ne maganar likitan da ya yi mini aiki, da ya ce da na zo musu tun farkon ganin jinin, da wataƙila ba a kai inda aka kai ba. Na san cikin 'yan uwanmu na nan London akwai masu zaune da irin abin da na zauna da shi.

Sunana Habibu, mutumin Zariya. Karatu ne ya kawo ni ƙasar nan, karatun bai ƙare ba zama ya miƙe. Tuƙin minicab nake yi, wato tasi. Muna zaune a Thamesmead cikin flat ɗin council, irin gidajen hayar hukuma, ni da matata Rakiya, 'ya'yanmu sun girma sun kama gabansu. A ɗan masallacinmu na unguwa, in liman ba ya nan ni ake turawa gaba.

Jinin ya fara ne da shigowar sanyi. Ɗan kaɗan, a bayan gida. Na ce basir ne, wane direba ne ba shi da basir? Na gaya wa yayana Garba a waya, shi kaɗai, ya yi dariya ya ce gadon gidanmu ne, Baba ma da shi ya koma ga Allah. Bayan 'yan makonni wani mai dawowa daga gida ya kawo mini ƙullin garin magani da sassaƙe, da umarnin in bar yaji, in riƙa zama cikin ruwan ɗumi da bagaruwa. Na yi duka. Jinin ya ɗauke na ɗan lokaci, na kira Yaya na yi godiya. Sai ya dawo, ya yi duhu, ya zo da murɗar ciki da wata gajiya da take kama ni ko a tsaye a danja.

Na taɓa kiran GP, wato asibitin likitan unguwa, sau ɗaya. Duk wanda ke ƙasar nan ya san layin nan na safe, ka riƙe waya har kunnenka ya yi zafi. Da aka ɗauka, muryar yarinya ce wadda ba ta wuce sa'ar autata ba, ta ce in gaya mata abin da ke damuna don ta san wurin wanda za ta tura ni. Kunya ta hana ni faɗa mata gaskiya. Na ce ciwon baya ne. Aka ba ni appointment na ciwon baya, ban je ba.

Rakiya ce ta kama ni, wurin wanki. Ta shigo falo da wandona a hannu, ba ta ɗaga shi ba, ta dai naɗe shi a tafinta.

"Malam, tun yaushe?"

Na ce basir ne, ina shan magani.

"Basir ne ya sa wandunanka duk suka yi maka yawa? Tashi mu tafi."

Ban tashi a ranar ba. Sai da jiri ya kwashe ni a gidan mai, ina riƙe da bututun fetur, sannan aka kai ni babban asibitin nan na Camberwell. Mun wuni a kujerun roba na sashen gaggawa, tsakanin mai karaya da mashayin da ke ta zagin bango, ba wanda ya ce mana ci kanku sai can la'asar. Wannan kam ina da ƙorafi a kai. Amma daga lokacin da aka ga sakamakon jinina, komai ya kama gudu. Cikin ɗan lokaci an zura mini kyamara, ta inda ba sai na faɗa ba. Likitar ta zauna kusa da ni ta ce, "We found something we don't like the look of." Har yau in na tuna, da muryarta maganar take zuwa mini. Sankara ce a can ƙasan hanji, ta yi ƙasa sosai har ba yadda za a yanke a sake haɗawa. Za a toshe hanyar da Allah ya yi, a fito da bakin hanjin ta gefen cikina, a manna jaka. Sunan abin stoma. Na tambaya na wata nawa ne. Aka ce na har abada.

Yaya Garba ya ce kada in yarda, Turawa yanka ne maganinsu na farko, in zo gida akwai mai magani a wajen Giwa. Wata ƙanwar Rakiya ta aiko da saƙon wata mata mai sayar da ganyen da ke narkar da kowace irin cuta. Rakiya ta bar su suka gama, ta ce musu an gode, ta haɗa mini kaya a jaka.

Da na farfaɗo daga aikin, ban kalli gefen cikina ba. In nas ta zo canja jakar sai in juya fuska bango in rufe ido. Na roƙi a ba ni namiji, aka ce in akwai, kuma galibi babu. Abin da yake ɗan sanyaya mini rai shi ne tunanin cewa waɗannan mutane ba su san ni ba, ba su san daga inda na fito ba. Rannan wata nas baƙa tana goge ni, na ce "wayyo Allah" a hankali, sai na ji ta ce, "Sannu Baba. Kar ka ji kumya, aikinmu ne. Matanka ya zo tun safe, yana waje." Adiza sunanta, 'yar zangon Kumasi, da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji. Alheri ta yi nufi, kuma duk cikinsu ba wadda ta kai ta sauƙin hannu. Amma ni a lokacin ji na yi kamar an yaye labule a tsakiyar kasuwa.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani Bature, Colin, tsohon mai gyaran famfo, dogo, ramamme, da kai a aske. Cutarmu ɗaya, sai dai shi ya riga ni da shekaru, tasa ta dawo ne. Kullum da safe bayan an kwashe kayan shayi sai ya gyara zama a bakin gado, ya ɗora hannu kan hannu, ya sassauta ido, ya yi shiru kamar an dasa shi. A kan ɗan kabad ɗinsa akwai wani ƙaramin mutum-mutumi na katako, zaune da ƙafafu a harɗe. Na gane na 'yan Buddha ne, na ce a raina Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da mai gunki. Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar da ba zan manta ba, mutanen masallaci suka zo dubiya bayan azahar, liman da wasu dattawa biyu. Na gaya musu aikin hanji aka yi, ban ƙara komai ba. Liman yana tsakiyar addu'a, hannuwa a sama, sai na ji ɗumi yana bin gefen cikina yana gangarawa cinya. Jakar ta ɓalle. Warin ya tashi, ba yadda za a ce ba a ji ba. Liman bai katse ba, ya dai gajarta, aka shafa. Ba wanda ya kalli wani. Suka ce bari su bar ni in huta, suka fita da sauri irin na mutanen kirki da ba sa son su ƙara maka nauyi. Waɗannan su ne mutanen da suke bin bayana a sahu.

Adiza ta zo ta ja labule, ta wanke ni, ta canja zanen gado. Da ta tafi na ja bargo har ka. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a rasuwar mahaifiyata.

Can sai na ji muryar Colin ta bayan labule. "Maƙwabci, ni a cikin bas mai hawa biyu tawa jakar ta fara yi mini. A bene na sama, ga 'yan makaranta cike."

Na ƙara shigewa cikin bargon.

"Ba sai ka yi magana ba. Tambaya ɗaya zan yi. Abin nan da kake ji yanzu, a ina yake a jikinka?"

Na ji haushin tambayar. Na ce masa kunya ce, kunya ba ta da wuri.

"Duba dai. Tawa a wuya take zama, da bayan kunnuwa."

Don ya ƙyale ni na duba. Sai kuwa na same ta: zafi a fuska, da wani ƙulli a ƙirji kamar an cusa dunƙulen tuwo ya tsaya. Na gaya masa. Ya ce to in bar ta a nan, kada in kore ta, kada kuma in biye mata zuwa masallaci da abin da za a ce gobe. In ji iskar da ke shiga hancina, in ji wadda ke fita. In hankali ya gudu, in dawo da shi ba tare da faɗa ba, kamar yadda ake juyo da yaro mai koyon tafiya. Ƙullin bai tafi ba. Amma na lura yana motsi, yana ƙaruwa yana raguwa, kuma numfashina yana wucewa ta gefensa. Da aka kawo abincin yamma na ci rabi.

Daga ranar muka fara hira. Ya ce shekarunsa na samartaka a giya suka tafi, har matarsa ta bar shi, sai wani abokin aiki ya kai shi wurin zaman shiru na 'yan Buddha, ya liƙe tun daga nan. Na tambaye shi kai tsaye ko yana bauta wa ɗan katakon nan. Ya ce shi ba ya roƙonsa komai, tuni ne kawai na wani mutum da ya zauna ya kalli wahala ido da ido. Ban gamsu ba, na gaya masa ban gamsu ba, ya ce ba laifi. Bai taɓa ce mini in bi hanyarsa ba. In zan yi salla a zaune a kan gado, shi yake kashe rediyonsa tun kafin in nema.

Wata rana ya ce a cikin abin da ake koya musu akwai zama a bi jiki gaɓa-gaɓa, tun daga gashi da farce da fata har zuwa majina da abin da ke cikin hanji, ba don ƙyama ba, don mutum ya daina yi wa kansa ƙarya game da abin da aka yi shi da shi. "Mutanen nan da suka zo duba ka," in ji shi, "kowannensu da nasa ya shigo, da nasa ya fita. Bambancin kawai, ni da kai an canja mana hanyar bututu." Na yi dariya har ɗinkina ya yi zafi. Daga baya na tuna mu ma tun muna yara ake gaya mana daga me aka halicce mu, da abin da muke ɗauke da shi tsakanin haihuwa da kabari. Na sha faɗa wa wasu wannan. Ban taɓa zaton da ni ake ba.

Kada wani ya ɗauka na koma gida da sabuwar zuciya. Watannin chemo, ƙarin ruwan maganin sankara da nake zuwa yi a asibiti, su ne mafi muni. Thamesmead ba tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, sai bas da jirgi da wata bas, ga tashin zuciya, ga yatsu sun mutu ba sa jin maɓalli. Wani lokaci sai mun isa a ce an yi cancel. Motar da nake haya na mayar, muka koma kan benefit, wato tallafin gwamnati, da ɗan aikin da Rakiya ke yi a kicin ɗin wata makaranta, ni da ban taɓa cin kuɗin mace ba. Jakunkunan kyauta ake kawowa har ƙofa, wannan kam na gode, domin da a gida ne ban san yadda za mu yi ba. Akwai ranar da na fito daga banɗakin naƙasassu a wani babban kanti, wata mata ta tare ni ta ce ba na jin kunya, ga ni da ƙafafuna lafiya. Na tsaya ina kallonta. In ɗaga riga ne? Na ba ta haƙuri na wuce.

A gida na koyi canja jakar da kaina, amma da ƙofa a kulle, ina yi ina kallon silin. Na ƙaura falo da kwana, na ce gadon ne ke sa mini ciwon baya. Rakiya ba ta yi musu ba. Takan tsaya a bakin ƙofar banɗaki ta ce, "Malam, in shigo?" in ce na kusa gamawa. Masallaci kuwa na ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Na kira wani malami a Kaduna na ce wani abokina ne ke tambaya. Ya ce abokin naka mai lalura ne, hukuncinsa kamar na mai yoyon fitsari, ya tsabtace abin da zai iya, ya yi alwala, ya yi sallarsa, har cikin jam'i. Ya ƙara da cewa, "Ka gaya wa abokin naka Allah bai ɗora masa abin da yake ɗora wa kansa ba." Na san ya gane. Hukuncin ya shiga kunnena, ƙafata dai ta ƙi.

Da Colin muna haɗuwa a ɗakin ƙarin ruwa in ranakunmu sun zo ɗaya. Ya gayyace ni wurin zamansu, ya ce akwai ranar da ake buɗe wa kowa, ba ruwansu da addininka. Na je sau ɗaya, kuma na faɗa ne don na yi alkawarin ba zan ɓoye komai ba. Wani ɗaki ne a saman shago, takalma a ƙofa kamar namu. Akwai malamar makaranta, da direban jirgin ƙasa, da wata tsohuwa mai sanda, mutanen da za ka wuce a titi ba ka san suna da wani wurin zuwa ba. Na zauna a kujera can baya, na karkata don kada in fuskanci mutum-mutumin da ke gaba. Aka kaɗa wata 'yar ƙararrawa, ɗaki ya yi tsit. A cikin wannan shirun jakata ta yi ƙara, doguwa, mai kumfa, wadda ba ni da ikon riƙe ta. Na jira a juyo. Ba wanda ya motsa. Zafin ya hau fuskata, na same shi, na zauna da shi, ya yi abin da zai yi ya sauka. Da aka tashi tsohuwar ta tambaye ni ko ina shan madara a shayi.

Ban koma ba. Zuciyata ba ta kwanta da wurin ba, kuma da na sauko sai da na leƙa hagu da dama kada wani ɗan Najeriya ya gan ni, wata kunyar a kan wata. Na gaya wa Colin gaskiya. Ya ce, "Kana da wurin zamanka sau biyar a rana, me za ka zo nema a namu?" Abin da na ɗauka daga wurinsa shi ne ɗan tsayawar nan. Kafin in ta da kabbara sai in tsaya in ji numfashina har hankalina ya iso inda jikina yake. Na gane na yi shekaru ina jan mutane salla alhali zuciyata tana kan titi tana neman fasinja.

Da bazara aka ce mini hoton ya fito da kyau, ba a ga komai ba. A makon ne kuma aka mayar da Colin gidan da ake kai waɗanda magani ya ƙare musu. Na je duba shi da rana. Ya zama ƙashi da fata, hannuwansa suna rawa, ɗan katakonsa yana kan taga. Muna cikin magana sai na ji warin da na sani. Ya danna ƙararrawa, ba a zo ba, ana fama da wani a ɗakin gaba. Ya yi ƙoƙarin ɗaga rigarsa, yatsun suka kasa. Na ga kunnuwansa sun yi ja.

"Ka gani," ya ce da 'yar muryarsa, "shekara da shekaru ina zama, ga ta nan dai a bayan kunne."

Na tashi na wanke hannu, na jawo kayan daga kabad. Na san komai, hannuna ya saba. Amma wannan karon ba halin kallon silin, don fatarsa ta yi laushi, in ban duba ba zan ji masa ciwo. Na duba. Ɗan nama ne ja, mai ɗanshi, kamar cikin kunci, yana motsi a hankali yana aikinsa. Shi ke nan abin da na yi wata da watanni ina gudu. Na goge shi, na busar, na manna sabuwa, na gyara masa riga. Ya ce aikina ya fi na wasu masu gyaran famfon da ya sani. Bai kai ƙarshen watan ba. Ban san abin da zan ce a kansa ba da ya wuce abin da na sani: ya yi mini maƙwabtaka ta gari, kuma lamarinsa yana hannun Wanda ya halicce mu duka.

Ranar da na dawo daga wurinsa, da lokacin canja tawa ya yi, na shiga banɗaki ban murɗa makulli ba. Na ji takunta ta tsaya inda ta saba tsayawa.

"Malam, in shigo?"

Na ce ta shigo. Na ɗaga riga, ina jin zafin yana hawa wuyana. Ta durƙusa ta duba da kyau, ba ta yamutsa fuska ba, ba ta kuma yi mini kalaman lallashi ba.

"Fatar nan ta gefe ta yi ja," ta ce. "Kana yanka ramin da faɗi. Miƙo almakashin."

Na tambaye ta inda ta san wannan. Ta ce tun ina asibiti ta sa aka koya mata, a kan wata roba mai siffar ciki, har sai da hannunta ya faɗa. "Ina ta jira ne ka gama jin kunyata. Shekara talatin ina wanke maka kaya, Malam."

To, ga abin da zan ce wa duk namijin da ya karanta wannan. In ka ga jini, kada ka yanke wa kanka hukuncin basir, kada yayanka ya yanke maka ta waya. In yarinyar GP ta tambaye ka, faɗa mata da sunansa, ta ji wanda ya fi naka kafin ta karya kumallo. Kunyar minti ɗaya na guje wa, na sayi ta sauran rayuwata.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da Adiza da abokan aikinta, duk da wunin da aka bar mu a kujerun roba. Na koma masallaci ana saura kwanaki azumi. Ba wanda ya taɓa ta da maganar ranar nan, liman ya dai riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya yi mini tayin gaba sau da yawa, ina cewa tukuna. A ƙarshen sahu nake tsayawa, kusa da ƙofa, hannuna na hagu a kan jakar. Wani lokaci takan yi ƙara ana tsakiyar ruku'u, zafin ya hau fuskata kamar ranar farko. Ba na fita. Ina tsayawa har a yi sallama.